Eriya Ɗaya a Kan Tudu

Kawuna mai gadi ne, amma idan ka ce masa mai gadi sai ya ɓata rai. Shi a wurinsa ma'aikacin sadarwa ne, kuma duk wanda ya kara waya a kunne a garinmu albarkacinsa yake ci. Abin da yake gadi eriya ce a kan tudun bayan gari, da shingen waya, da ɗakin janareta, da 'yar rumfar kwano da yake fakewa idan rana ta take.

A da eriya uku ce a kan tudun, kowane kamfani da tasa. Masu gadi ma uku ne: Kawu, da Dogo, da wani tsoho da ake kira Mai Rediyo. Kamfanoninsu suna can birni suna yi wa juna habaici a talla, su kuma a nan buta ɗaya suke dafa shayi. Kawu ya fi kowa cika baki. Kullum sai ya ce layinsu kaɗai ke shiga har cikin rijiya, Dogo ya ce to ya faɗa mana ya gwada.

Dokar aikinsu ɗaya ce. Idan janareta ya mutu, mai gadi ba ya taɓa shi. Ɗakin ma a kulle yake da kwaɗo saboda ɓarayin mai, makullin kuma yana aljihun injiniya. Naka kawai ka kira ofis ka faɗa. To amma janareta na mutuwa, batura su ƙare, layin ma ya bi su, da me za ka kira? Sai ka leƙa ta shinge ka ari wayar maƙwabci. Shekaru suka yi a haka, kowa yana kai ƙarar injinsa ta layin abokin hamayya, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsu a ofis yadda suke yi. Injiniya kuwa a guje yake zuwa, don ya san wuni guda idan aka yi shiru mutane za su cire sim su sa na wani.

Wannan aron wayar ba aikin kamfani kaɗai yake yi wa Kawu ba. Matarsa, Inna, tana da asma, irin wadda idan ta taso sai ka ji numfashinta daga zaure. Asibitin da ke da na'urar iska yana da nisa, mota kuma sai an kira wani direba daga garin gaba. Kira ɗaya ake yi ya zo. A cikin eriya uku dole a samu mai rai, saboda haka Kawu bai taɓa sa abin a ransa ba.

Sai hukumar kula da sadarwa ta ce ɓarna ce a kafa ƙarfe uku, a riƙa ƙona mai a inji uku, don gari kamar namu. A bar eriya ɗaya, kowane kamfani ya rataya kayansa a jikinta. Ni da nake da shagon cajin waya na ji bayanin a rediyo, kuma ban ga aibinsa ba. Ko ni ba zan sayi janareta uku don shago ɗaya ba.

Ta Kawu aka zaɓa. Ranar har sabuwar hula ya saka, ya zagaya kasuwa yana karɓar barka kamar shi ya ƙera ta. Aka kwance sauran biyun, aka bar dandamalin siminti da kusoshi a tsaye. Mai Rediyo ya koma wurin 'ya'yansa. Dogo ya sayi kura ya shiga dako. Da ya zo kwashe tabarmarsa ya tsaya a bakin shinge ya ce, "To yanzu in naka ya mutu, wayar wa za ka ara?"

Kawu ya yi dariya ya ce nasa ba ya mutuwa.

Yana mutuwa. Kuma daga baya aka sayar da eriyar ga wani kamfani na huɗu, wanda ba ya sayar da kati, ba shi da mai kira ko ɗaya, hayar ƙarfe kawai yake bayarwa. Gaggawar me zai yi? In layi ya ɗauke, na kowa ne ya ɗauke, babu wurin gudu. Mutanen gari ba su daina yawo da sim uku ba, don abin da aka saba ke nan, amma ukun tare suke suma tare suke farfaɗowa. Kawu ya koma ba direbobin babbar mota saƙon baki, in sun isa inda akwai sabis su kira masa ofis. Wani ya tuna, wani ya manta.

Ranar da abin ya faru janareta ya riga ya kwana a mace. Da azahar asmar Inna ta taso. 'Yarsu ta zo shagona a ruɗe, muka bi wayoyin da ke kan teburina ɗaya bayan ɗaya, babu mai ko sanda ɗaya ta sabis. Na hau babur na nufi tudu. Kawu yana jin abin da ya kawo ni ya ɗauki dutse ya yi kan kwaɗon nan da ya yi shekaru yana tsaro. Ya fasa, ƙofa ta buɗe, ya tsaya. Injin da yake gane lafiyarsa daga ƙara, bai taɓa ganin cikinsa ba. Ya danna wannan, ya murɗa wancan, ya dafa shi da tafin hannu yana cewa ya yi wa Allah ya tashi. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na lokacin ba, ban kuma taɓa jin haushin ƙarfe haka ba.

Na bar shi na kama hanyar garin gaba, waya a hannu ina duba ta, har na samu sanda ɗaya a kan wata gada. Direban ya ɗauka nan take, ya ce ga shi nan. A hanyarmu ta dawowa muka haɗu da Dogo yana turo kura, Inna a kwance a ciki, Kawu yana riƙe da hannunta. A hankali suke tafiya. Daga yadda suke tafiyar na gane.

Injiniya bai zo ba sai da aka kusa tashi daga zaman makoki. Matashi ne mai ladabi, bai san abin da ya faru ba. Na raka Kawu tudun. Injiniyan ya canja wani ɗan bel, injin ya tashi kafin shayin da aka ɗora masa ya tafasa, wayoyin aljihunmu suka hau ƙara da saƙonnin talla. Sai ya ga kwaɗon a ƙasa. Ya ɗauka ya jujjuya, ya ce dole ya sanar da ofis, don an san doka.

"Baba, ai ba a fasa ƙofa. In inji ya tsaya kira ake yi. Me ya hana ka kira?"

Kawu ya juya. Ya tafi bakin shinge, daidai inda ya saba leƙawa, ya tsaya yana kallon dandamalin Dogo, inda awaki ke kwance a tsakanin kusoshi.