Inna, Akuyarta da Jikarta ta Sifen

Kazaure zuwa Roni

Ana sallame sallar asuba ranar Laraba na bar wa maigidana yara da tukunyar koko, na tari adaidaita sahu zuwa tasha. Ba biki ne ya fito da ni ba, ba kuma suna ba. Sifaniyanci ne.

Ƙanena Haruna ya tafi Sifen neman abinci, ya yi aure a can, bara Allah Ya yi masa rasuwa. Ya bar 'ya ɗaya mai shekara bakwai, takwarar mahaifiyarmu Inna, can suna kiranta Eva. Ba ta jin Hausa, Inna kuwa, da ke can Babura, ba ta taɓa ganinta ba sai a hoto. Uwar yarinyar, Lusiya, ta aiko cewa za ta kira mu ta bidiyo ranar Juma'a. In ta ga yarinyar ta saki jiki da mu, za ta kawo ta a hutun ƙarshen shekara. In ba haka ba, shi ke nan, jinin Haruna ya zama na wasu. Ni aka ɗora wa aikin tafinta, wai don ni ce malamar firamare, sai ka ce mai koyar da lissafi a aji uku ta san yaren duniya.

Na daɗe ina koyo a waya, gaisuwa ta zauna, sunayen dabbobi ma haka. Sai na ci karo da wasu aikatau marasa amana. Ka haddace querer, wato so, ka zo za ka ce "ina so" sai ya rikiɗe ya zama quiero. Poder, iyawa, ya koma puedo. Suka birkita mini kai har na fara tsorata. Ana nan aka ba ni labarin wani Malam Isiyaku a Roni, wanda ya yi shekaru yana aikin gona a Sifen.

Motar Roni tsohuwar Golf ce, mu huɗu a baya, da buhun gishiri a kan ƙafata.

"Hajiya, ki ɗan matsa," in ji direba.

"In matsa ina? Cikin ƙofa?"

Ya yi dariya ya tayar da mota, muka bi ta tsakanin duwatsu rana na leƙowa.

Roni

Na sauka a shagon Mama Ladi, 'yar Filato da muka yi maƙwabtaka da ita a Kazaure kafin ta dawo nan. Ta san kowa a garin har da kajinsa.

"Isiyaku mai Turanci na daban? Ai kin makara, ƙanwata. Tuni ya koma Gwiwa wajen gonarsa."

Ba ta bar ni na tsaya jimami ba, ta dire mini shayi da ƙosai mai zafi, ta ƙwala wa wani ɗan acaɓa kira.

"Garba, wannan 'yar'uwata ce. In ka kayar da ita kada ka dawo Roni."

Bai kayar da ni ba, amma duk ramin da ke hanyar sai da muka gaisa da shi.

Gwiwa

A gona muka same shi, lokacin cirar gyaɗa ne. Dattijo ne siriri mai yawan murmushi. Da na zayyana masa abin da ke tafe da ni, sai ya yi wa Haruna addu'a, sannan ya ce, "Malama, ba ni da aji, ba ni da allo. Ga tabarma, ga gyaɗa. Hannu na tsinka, baki na aiki."

Ya ɗauki gyaɗa ɗaya ya danna ta da yatsa, ta fashe gida biyu.

"Haka suke. Inda murya ta danna, nan kalmar ke fashewa: e ta zama ie, o ta zama ue. Quiero, quieres, quiere. Amma in kin zo kan mu da ku, murya kan matsa gaba, sai ta zauna da ɓawonta: queremos, podemos."

Wallahi na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Muka yini ina tsinkar gyaɗa ina rera puedo, puedes, puede, mata 'yan aiki suna kallona suna ƙunshe dariya. Shi ma, in ji shi, ba a makaranta ya koya ba. Mai gonar da ya yi wa aiki ne kullum ke daka masa tsawa, "¿Puedes o no puedes?", za ka iya ko ba za ka iya ba, har abin ya shiga dole. Ya ƙara mini da preferir, fifita abu, da jugar, yin wasa, wanda shi kuma yake komawa juega.

Matarsa Adda Jummai ta dama mini furar da cokali ke tsayawa a ciki, da magariba ta kawo tuwon dawa miyar kuka da man shanu. A ɗakinta na kwana. Da safe muka ƙara bita, na miƙa musu 'yar tsarabar sabulu da sukari, suka rama da ƙullin gyaɗa wanda ya fi abin da na kawo.

"Abu ɗaya, Malama," in ji shi a bakin hanya. "Mutanen can, abin da aka faɗa shi suke ɗauka."

Na ce to, hankalina na kan aikatau.

Babura

Na biyo ta tashar Kazaure ban leƙa gida ba, don in yaran nan suka gan ni tafiya ta ƙare. A motar Babura ina ta motsa baki da aikatau na barci, duermo, duermes, duerme, wata tsohuwa a gefena tana amsawa da amin. A shingen kwastam aka leƙa but ɗin mota, aka ga gyaɗa ce, aka ce mu wuce. Kafin magariba ina gaban Inna.

Ranar Juma'a Inna ta tashi da lalle a ƙafa da sabon zane. Bayan an sauko daga masallaci muka zauna gindin darbejiyar tsakar gida, inda waya ta fi kamawa. Sai ga kira. Ga Lusiya, ga yarinya a cinyarta. Ta yi murmushi, na ga wushiryar Haruna sak. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Inna ta ƙura mata ido. Can sai ta yi abin da kowace kaka ke yi in son jika ya cika mata ciki, ta taɓe baki.

"Wannan mummunar ce takwarar tawa? Gaya mata ba na sonta. Na fi son akuyata."

Ni kuwa, sarkin tafinta, ga aikatau biyu da na sha wahala a kansu sun zo hannu. Na gyara zama na ce, "La abuela no te quiere. Prefiere la cabra." Ko harafi ban kuskure ba, har ina jin daɗin kaina.

Fuskar yarinyar ta canza. Ta fashe da kuka ta cusa kai a ƙirjin uwarta. Lusiya ta dube mu da idon da ba ya bukatar tafinta, ta kai hannu za ta kashe waya. A nan maganar Malam Isiyaku ta faɗo mini.

"¡Juega!" na faɗa da ƙarfi. "La abuela juega!" Kaka wasa take yi.

Hannunta ya tsaya. Na tattaro duk abin da na tsinta a gonar gyaɗa, ina haɗawa da hannu da ka. Na ce a nan kaka kan yi wasa da jika, wadda ta fi so ita ta fi tsokana, jika ma tana iya ramawa. Na ce haka kakarmu ta yi wa Haruna, shi ya fi kowa shan tsiya don shi ne ɗan gaban goshinta. Da Lusiya ta ji sunansa sai ta rufe baki da hannu. Ta ce ashe shi ya sa yake kiran 'yarsa mummuna yana sumbatar goshinta, ita kuwa tana yi masa faɗa. Ta sunkuya ta daɗe tana yi wa yarinyar raɗa.

Inna duk ta rikice. "Me na yi? Balaraba, me kika ce mata?"

Eva ta ɗago, ta share hanci, ta matso har fuskarta ta cika wayar.

"Abuela, no te quiero. Prefiero mi gato."

Na fassara wa Inna: ita ma ba ta sonki, ta fi son magenta. Inna ta buga cinya ta yi shewa, tana dariya tana kuka.

"Jinina ce! Wallahi jinina ce! Ce mata ta zo ta faɗa mini a gabana in ta isa."

Na faɗa yadda na iya. Yarinyar ta juya ga uwarta ta ce, "¿Puedo?" Zan iya? Lusiya ta share ido ta ce, "Puedes."

Gida

Asabar da hantsi na iso Kazaure, na tarar da gida kamar an yi yaƙi, amma kowa lafiya. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na gode wa Mama Ladi da Garba, da Adda Jummai mai fura, da Malam Isiyaku wanda ya ba ni ilimi da gargaɗi, na riƙe ɗaya na yar da ɗaya a hanya. Allah Ya saka musu da alheri, Ya jiƙan Haruna.

Jiya aka aiko daga Babura. Mahauta sun zo taya akuyar nan, Inna ta kore su. Ta ce ba mai taɓa ta sai takwararta ta zo ta ga wadda aka fi so.