Japheth, Mai Tsayar da Fankar Garinmu

Kafin mata su fara jera jarkoki a bakin famfo, Japheth ya riga ya iso gindin fanka. Haka muke kiran injin iskar da wata ƙungiya ta kafa mana a ƙauyenmu, nan gundumar Gayam. Dogon ƙarfe ne mai fukafukai uku, iska ta juya shi, shi kuma ya ba da wutar da ke jawo mana ruwa daga burtsatse. Japheth zai dafa ƙarfen da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓi. Sai ya kafa guntun rodi a jikinsa, ya sa ɗaya bakin a kunne, ya rufe ido. Ya zagaya ya girgiza wayoyin da suka ɗaure shi da ƙasa. Sai ya gama sannan zai ce da ni, "Baba, an tashi lafiya?"

Ni kuwa ina gindin tsamiya ina kallonsa. Ni ne Mainasara. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma sai an karanta mini na ji, don kada a yi mini ƙari. Mutanen daji sun ɗauke ni ba sau ɗaya ba, na dawo da ƙafata, samarin da aka kama mu tare ni na riƙa ɗaga su in sun faɗi. Abin da ya raya ni shi ne ban yarda da kowa ba. In kun ji na yabi mutum, to na tace shi.

Da masu kafa fanka za su tafi, sun ce za su riƙa turo injiniya daga Kaduna yana dubawa a kan lokaci. Na yi dariya, don na san hanyar Kaduna fiye da su. Injiniyan ya zo, ya sake zuwa, daga nan hanya ta ɓaci ba mu ƙara ganinsa ba. Dattawa suka ce a bar ta ta yi ta juyi, ranar da ta lalace a nemi gyara. Japheth, wanda da ma injin niƙa da injin ban ruwa yake gyarawa, ya ce bai yarda ba. Shi kunnensa zai bi. In ya ji kukanta ya canza, zai ja birki ya hau, ko da tana juyi lafiya a idon kowa.

To nan aka samu matsala. Mutum ya tsayar da abin da ke aiki, ya hau can sama inda ake hango daji, daga daji kuma ana hango shi. A ƙasarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Wata ranar kasuwa ya tsayar da ita. Kafin la'asar aka kwashe shanu a gonakin yamma, aka tafi da mutum. Washegari ko Saude mai ƙosai, wadda ke ba shi na ɗanɗano, ba ta amsa gaisuwarsa ba. Magana ta zagaya cewa tsayuwar fanka alama ce, Japheth infoma ne. Kun san abin da ake yi wa wanda aka laƙa wa wannan suna. Ba a kai shi kotu.

Labaran, shugaban 'yan sa-kai, ya zo da bindiga a kafaɗa ya same shi a gindin ƙarfe.

"Wa kake wa alama?"

Japheth ya zaro wani ƙarfe mai zobe daga aljihu ya miƙa masa. "Boris ɗin da na cire wa fanka jiya ke nan, a kansa take juyi. Juya shi ka ji, kamar an zuba yashi."

"Wa ya sani ko daga gida ka zo da shi? Daga yau ba hawa, ba birki."

"To, Malam Labaran. In ban tsayar da ita ba za ta tsayar da kanta. Ranar kuwa ba mai tayar da ita, matanku su koma rafi."

Rafin nan a bakin daji yake.

Sai na buga sanda. Na ce, "Kai Labaran, tun kana yawo ba wando nake gane maƙaryaci. Ni ma ban yarda da shi ba, ai ko kai ban yarda da kai ba. Ga yadda za a yi. In kunnensa ya jiyo ciwo a jikin fanka, ya faɗa mini injin zai iya jira zuwa yaushe. Ni zan zaɓi rana da lokaci, ba wanda zai sani sai na ɗaga sandar nan. In an kawo hari ranar da aka tsayar da ita, ku zo ku kama ni."

Labaran ya ce, "Baba, wuyanka fa ka sa."

"Wuyan nan an ɗora masa wuƙa a daji, ga shi nan."

Japheth, kai ne ka karɓi wannan sharaɗi ba ka ɓata rai ba. Na sha ɗaga sanda kana tsakiyar cin tuwo. Na taɓa tayar da kai ranar Lahadi kana sanye da kayan coci, don in gani ko za ka nemi uzurin aika saƙo. Ka tuɓe riga ka ba matarka Susan, ka ɗaura igiya ka hau, ɗan sa-kai na ƙasa yana bin ka da ido kamar ɓarawo. Ka sauko da baƙin mai har gwiwar hannu, ka ce, "Baba, gobe ka ɗan bari in gama addu'a."

Da farkon damina, in hadari ya haɗo da iska mai ƙarfi, nan kam ba ka jiran sandata. Da gudu kake zuwa ka ja birki, na kuma ƙyale ka, don ko mutanen daji ba sa yawo a irin wannan iska.

An sake kawo hari bayan nan, fanka tana juyi kamar ba gobe. Ba wanda ya je ya ba Japheth haƙuri, Saude dai ta koma ba shi ƙosai. Akwai irin fankarmu a wani ƙauye ta wajen Tabanni, su ba su taɓa tsayar da tasu ba. Na je na gani da idona, don ba na ɗaukar labari: fiffike ɗaya yana kwance cikin gonar dawa, matansu suna tafiya rafi da rakiyar bindiga.

Bana gwiwa ta hana Japheth hawa. Ku tambaye ni wa yake koya wa sa rodi a kunne. Labaran! Yana jingine bindiga a tsamiyata ya hau, yanzu shi nake sa wa ido.

Ku masu injin jama'a a hannu, ku yi irin ta mutumin nan, ku saurari ƙarfe tun bai yi ihu ba. Ku kuma masu zargi, ku yi irin tawa, ku gwada mutum kafin ku kashe shi.

Japheth, sarkin fanka, Allah ya saka maka, ya ba gwiwarka lafiya. Shekara da shekaru ina gindin tsamiya ina jiran in kama ka da wani abu. Ban kama ka da komai ba sai ruwa.