Dombegin 'Yar Yeongwol

Sunanta Seok Jeom-rye, amma a ƙauyenmu na gefen Yeongcheon ba mai kiranta da shi. 'Yar Yeongwol ake ce mata, da sunan garin duwatsun da aka ɗauko ta tana da shekara ashirin da uku, aka kawo ta gidan Byeon. Masu haɗa auren sun yabi gonar inabin, sun yabi tsayin angon, amma ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata abin da ake nufi da auren babban ɗa. Mijin nata, Tae-gon, shi ne babba, ɗan babba, jikan babba. Matattu takwas gidan yake ciyarwa, kowa da ranar rasuwarsa, ga bikin sabuwar shekara, ga na kaka. Teburi goma ke nan a shekara, kuma matar babba ce mai girka su.

A wajenmu teburin magabata da babu dombegi a kansa ba teburi ba ne. Ka jera 'ya'yan itace har su taɓo rufi, in babu naman shak, ƙaton kifin tekun nan, da aka yanka gunduwa-gunduwa, aka gasa masa gishiri, aka tsire shi a tsinke, dangi za su koma gida suna cewa ba a yi komai ba. Ita kuwa 'Yar Yeongwol ko teku ba ta taɓa gani ba. Ranar da ta fara jin warinsa sai da ta zagaya bayan randunan miya ta yi amai. Surukarta ta bi ta har can, ta tsaya a kanta.

"A garinku me kuke ba matattunku? Duwatsu?"

"Ganye, Inna."

"To nan ba awaki muka binne ba. Wanke baki ki zo."

Ta zo, ta koya. Sau ɗaya surukar ta nuna mata, ba ta sake ba. Daga ranar Jeom-rye ce ke zuwa kasuwa ta sayo ɗanyen naman, ta sa gishiri da hannunta, ta ajiye shi kwana biyu a wuri mai sanyi, ta soya. Sai dai ba ta taɓa kai shi baki ba. Da farko warin ne ya hana ta. Daga baya ta saba da warin, amma maza ake fara ba, kuma ɗan abin da ya rage takan rufe shi ta ajiye wa mijinta, don ta ga farantinsa kullum tas yake dawowa. Haka aka kwashe shekara talatin da biyar. Ta haifi biyu, Gyeong-ok da ƙanenta Sang-pil, ta binne surukai biyu, su ma suka shiga layin masu cin tebur, aka sallami biyu mafi daɗewa.

Tae-gon mutum ne da za ka wuni da shi a gona ba ka ji kalma goma daga bakinsa ba. Ba ya yabo, ba ya kuka. Da wannan shirun nasa ya dawo daga awon lafiyar da ake yi wa kowa duk shekara biyu, ya miƙa mata takarda, ya wuce ya wanke ƙafa. Sai da ta kira 'yarta a waya ta zo ta karanta mata. Kitse ya yi yawa a jinin baba. In ba a kula ba, zai iya toshe masa hanyar zuciya.

To, duk wanda ya san 'Yar Yeongwol ya san ba ta yin abu rabi da rabi. A rana ɗaya naman alade ya bar gidan, ƙwai ya bi shi, kayan ciki da fatar kaza suka rufa musu baya. Sannan ta tsaya a kicin tana tunani. Mutumin da ke ɗaukar akwatunan inabi tun asuba, me za a ba shi ya ji ƙarfi? Amsar tana gabanta: dombegi. Fari tas, babu ƙashi, babu ko ɗigon kitse. Ta tambayi mai sayarwa a kasuwa, ya ɗaga mata gunduwa a haske.

"Inna, nemo min kitse a nan, in kin samu ki ɗauki kifin gaba ɗaya kyauta."

Haka dombegi ya sauko daga teburin matattu ya hau na masu rai. Abin da a da ake ci sau goma a shekara ya koma safe da yamma. Wata rana Tae-gon ya ɗaga murfin kwano, ya daɗe yana kallo.

"Uwar Gyeong-ok, ko na mutu ne ba a gaya min ba?"

"Ci. Don kada ka mutu ɗin nake ba ka."

Ya ci. Bayan shekara biyu aka sake awo, kitsen bai sauka ba, har ya ɗan hau. Ta ce ai ba a ba shi isasshe ba ne, ta ƙara masa da na rana a cikin ƙullin gona. Shekara shida gaba ɗaya ana haka. Ni dai duk sanda na tuna wannan sai raina ya ɓaci, don ba wanda za ka kama ka ce shi ne mugu. Mace ce ta ga mijinta cikin haɗari, ta ɗauko abu mafi daraja da ta sani a duniya.

Sai ga wasu masu bincike daga wata jami'a sun sauka a zauren taron ƙauye. Suka ɗibi jinin tsofaffi, suka yanki gashi, suka yi ta tambayar me ake ci. Mutane suka yi ta dariya, wai ko za a yi mana asiri ne. Da sanyi ya shigo suka dawo da takardu, aka ce Byeon Tae-gon da matarsa su tsaya bayan kowa ya tafi.

Likitar da ta zauna da su yarinya ce, ba za ta girmi Gyeong-ok ba. Ta ce an sami zaiba a jinin Baba, irin ruwan ƙarfen nan da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki, kuma ta ninka abin da ake so sau da yawa. Ta ce ƙananan kifaye kan kwaso ta a teku, manya su cinye ƙanana, shi kuwa shak shi ke cin kowa, don haka a jikinsa take taruwa.

Jeom-rye ta ce, "Amma ba shi da kitse."

"Ba shi da shi, Inna."

"To don kitsen nake ba shi."

Likitar ta ce a cikin baligan da aka auna a ƙasar nan, an lura cewa waɗanda zaiba ta yi yawa a jininsu, sau da yawa kitsen jininsu ma yakan yi yawa. Ana ganin su tare. Ko ɗaya ne ke jawo ɗaya, ko wani abu ne daban ke haɗa su, har yanzu ana kan bincike.

Tae-gon ya miƙa hannu ya jawo takarda ta biyu, ya nisanta ta da ido don bai zo da tabarau ba.

"Wannan ta wa ce?"

"Ta Inna ce. Nata jinin lafiya lau. A ƙauyen nan kaf ba mai ƙarancin zaiba kamarta."

Ya juyo ya dube ta. Shekara arba'in da ɗaya suna gida ɗaya.

"Ke ba kya ci?"

"Ina ruwanka da cikina," in ji ta, ta miƙe ta kama neman takalmanta. Kunya ce ta kama ta, da wani tsoro.

Daga ranar dombegi ya koma inda ya fito. Tae-gon ya fara shan ƙwayoyin rage kitsen da a da yake jefawa a aljihun teburi. A ranakun magabata yakan taɓa naman da leɓe kawai, don ba a tashi daga teburinsu ba a ci albarka ba. An ce zaibar ta fara sauka. Wata goma sha huɗu bayan zaman zauren, da hantsi, yana tsakiyar ɗaure rassan inabi, ya zauna a ƙasa bai sake tashi ba. Zuciya ce. Yana da shekara sittin da bakwai.

Ta yi duk abin da ake yi wa mamaci, ba ta bar ko ɗaya ba. Amma tambaya guda ta hana ta ci ta hana ta sakewa. Da aka yi kwana arba'in da tara ta hau mota ita kaɗai zuwa Daegu, inda jami'ar take, ta yi ta bin ofisoshi da takardar a hannu har ta gano likitar.

"'Yata, magana ɗaya na zo ji. Ni na kashe shi?"

"Haba, Inna. Baba yana da shekaru, ya sha taba shekara talatin, mahaifinsa ma zuciya ce..."

"Ban tambaye ki mahaifinsa ba. I ko a'a."

"Ba zan iya ce miki i ba."

"To a'a ne?"

Likitar ta sunkuyar da kai. Ba ta yi mata ƙarya ba, kuma Jeom-rye ta ga mutuncinta saboda haka, amma ta so a ce ta yi. Da an ce mata i, da ta san abin da za ta yi kuka a kai. Da an ce a'a, da ta yi barci. Ta dawo gida da tambayarta kamar yadda ta tafi da ita.

Shekara ta zagayo, ranar teburin Tae-gon na farko ta matso. Gyeong-ok ta bugo waya ta ce ko kusa kada a sa wannan abin, in aka sa ita ba za ta rusuna ba. Ƙanen marigayin, Tae-sik, wanda yanzu shi ne dattijon gida, ya zo da kansa ya zauna a bakin ƙofa.

"Matar Yaya, teburinsa na farko fa. Ya zo ya tarar babu dombegi a gaban iyayensa? Ki rufa mana asiri."

Saura kwana uku Jeom-rye ta tafi kasuwa. Ta sa gishiri, ta ajiye, ta tsire, ta soya, hannunta yana yin aikin ita hankalinta yana wani wuri.

Yanzu da magariba ake yi, saboda yara masu komawa birni. Aka kunna turare, aka buɗe ƙofa, Sang-pil ya zuba wa mahaifinsa giyar shinkafa. Jeom-rye ta shigo da farantin da kanta ta ajiye gaban hoton Tae-gon. Gyeong-ok ta ɗaure fuska, amma ta rusuna. Da aka fita aka ja ƙofa don mamaci ya ci, uwar ta tsaya a bayan kowa tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ci, Baban Gyeong-ok. Yanzu ba abin da zai yi maka."

Aka sauke tebur, aka zauna cin albarka. Tae-sik ya zare gunduwa daga tsinke zai ɗora wa Sang-pil a kan shinkafa, kamar yadda ake yi wa magaji. Sai hannun Jeom-rye ya riga shi. Ta janye farantin gaba ɗaya ta ajiye gabanta.

"Matar Yaya, dole fa wani ya ci."

"Na sani, Baffan yara. Ba ɗana ba dai."

Ta gutsuri babba ta kai baki. Kowa ya zuba mata ido. Ta tauna sau biyu, ta tsaya. Idonta ya kawo ruwa, ba na kuka ba. Ta lalubo ƙoƙon ruwa ta shanye.

"Me ya sami wannan? Gishiri ne zalla. Hannuna ya kuɓuce, ga shi na ba shi..."

Sang-pil ya kafa wa shinkafarsa ido. Gyeong-ok ta dubi baffanta. Jeom-rye ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Kullum haka yake?"

Tae-sik ya ajiye tsinkayen cin abincinsa.

"Kullum, matar Yaya."

"Gishiri cikin hannu uku marigayiya Inna ta ce min. Ban taɓa ƙarawa ba."

"Hannun Inna kamar na yarinya yake. Naki ya yi biyunsa." Ya share baki. "Teburin farko da kika girka, ni na buɗe baki zan yi magana. Yaya ya fitar da ni bayan rumbu ya shaƙe min wuya. Ya ce an kawo ki daga nesa, ba ki da kowa a nan, ga warin abin ma yana sa ki amai amma kina yi. Ya ce duk wanda ya gaya miki, ba shi ba shi. Har Inna ya roƙa."

Ta daɗe tana kallon hoton. Sau goma a shekara, sannan kullum-kullum har shekara shida, kuma bai taɓa barin ko ɓarɓashi ba.

Gyeong-ok ta matso ta kama gefen farantin. "Inna, kawo in zubar."

"Bar shi."

Ta sake cika ƙoƙon ruwan, ta jawo farantin kusa, ta ci gaba da ci.