Hannu Biyar Kafin Kwando

Shekara bakwai ke nan bana da Allah ya ɗauke ƙanena Alhasan, wanda garinmu Keita ya sani da Mushe Dogo, wato malam dogo, mai koyar da wasanni a kolej. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Rabi ce ke rubuta wannan, ɗaya daga cikin ɗiyan da ya horar, kuma na sa ta karanta mini sau biyu, don kada ta ƙara gishirin da ban sa ba.

Tun farko ban ga amfanin abin nasa ba. Yaro ya tahi karatu Madawa, ya wuce Tawa, ya wuce Yamai, kullum labarin da ake kawo mana shi ne ya iya basket. Da na ga abin da idona na ce masa: "Ƙato da kai, kana ta jefa balo cikin kwando marar gindi? Me za ka tara?" Dariya kawai ya yi. Shekarunsa na ƙarfi ya yi su a filin Yamai, har ranar da gwiwa ta ƙi. Ya dawo gida yana ɗingishi, da usur a wuya.

A lokacin muna aikin foroje, shirin raya karkara, a bisa tudu, muna shirya duwatsu don tare ruwan da ke cinye gonaki. Mata ne akasarinmu. Mu jeru, dutse ya bi hannu zuwa hannu har ya kai inda za a aza shi. Wata safiya ya kawo mini fura, ya tsaya yana kallo har furar ta yi tsami. Ya ce: "Yaya, ga ekip nan tuni, balo kawai ba su da shi." Daga nan ya kafa ekip, ƙungiyar wasa ta ƴan mata, da doka guda: sai balo ya taɓa hannu biyar kafin a jefa shi kwando.

Iyaye ba su yarda ba sai da na ce zan zauna. Sun san ni, ba a wuce ni da karkataccen kallabi. Kowane la'asar ina bakin fili bisa tabarmata, da carbi da tsumagiya. Samarin da ke zuwa kallo sun san inda ƙafarsu ke tsayawa. Dokokin wasan ban taɓa gane su ba, amma ƙidayar hannu biyar na iya, kuma ni ke faɗa in an rage.

Shekarar da aka kai su gasar makarantun jiha, akwai Hadiza, doguwa kamar giginya, ɗiyar Alhajin da ke ba mu kamyo, babbar motar da ke kai mu wasa. A karawa da ƴan garin Buza ta ga ta fi kowa, ta riƙe balo ita kaɗai, ta yi ta zubawa. Aka ci, gari ya yi guɗa. Sai da muka iso gida Alhasan ya ce Hadiza ba za ta fara wasan ƙarshe da za a yi da Madawa a Tawa ba.

Gari ya ɗau zafi. Alhaji ya zo har ƙofar gidana da wasu iyaye, ya ce in aka kai ɗiyansu Tawa aka kunyata su saboda taurin kan mutum guda, to daga ranar babu ɗiyar da za ta sake taɓa balo a garin nan. Na san ba wasa yake ba. Na sami Alhasan na ce: "Ka san abin da ka ɗora a kai?" Ya ce: "Yaya, a bisa tudu in mace guda ta ce ita za ta kai dutse ita kaɗai, me kuke mata?" Ni da kaina na taɓa korar irinta daga layi.

A Tawa ƴan Madawa suka yi mana nisa tun da fari. Hadiza na zaune kusa da ni tana haɗiyar kuka. Na ce mata: "Share idonki ki ƙidaya." Ta fara ƙidaya hannuwa tare da ni, a hankali, sannan da ƙarfi, har tana tashi tsaye. Da Alhasan ya ji muryarta ya waiwayo, ya yi mata alama ta shiga. Muka yi ta matsowa har ya rage ɗaya tsakani, lokaci na ƙarewa. Balo ya zo hannunta, na huɗu, tana gindin kwando ba kowa a gabanta. Ubanta na ihu: "Jefa, Dije, jefa!" Sai ta juya ta miƙa wa Rabi, wadda ta fi kowa gajarta. Rabi ta jefa, balo ya zagaya bakin ƙarfe, ya faɗa. Ni da ban taɓa guɗa a bainar jama'a ba, ranar na yi. Alhaji ne ya ɗauki kofin a cinyarsa tun daga Tawa har Keita, yana gaya wa kowa ai ɗiyarsa ce ta ba da.

Yau ina ganin yara sun duƙa bisa salula, wayar hannu, suna kallon ƙattin wata ƙasa, kowa na son ya tashi sama shi kaɗai a ɗauke shi hoto. Da yana nan, ina jin zai kalla, don yana son gwani, sannan ya tambaya wa ya miƙo masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko na wane ne. Zai kuma yi faɗa kan simintin filin da ya tsage ba a gyara ba, kuma na riga shi.

Bai bar gida mai bene ba, bai bar garke ba. Kofin ma ya yi tsatsa a ofishin kolej. Amma usur ɗinsa na wuyan Rabi, Hadiza ungozoma ce a Ibohaman, ɗiyarta na cikin ekip, kuma ba wanda ke zuwa neman izini a wurina yanzu. Har yau nakan tahi da tabarmata. In yarinya ta yi gaggawar jefawa, ba na ma buɗe baki, sauran ne ke ɗaga yatsu su ce mata: "Saura biyu!"

Na tambaye ka me za ka tara a kwando marar gindi, Alhasan. Na ga abin da ka tara. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka.