Luguden da Ba Ya Cikin Wasa

Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ce ta kawo maganar. Ta ce an taɓa yin mulkin kama-karya a wata ƙasar Turai, har mutum ba ya iya magana a ɗakinsa don tsoron maƙwabci ya kai shi ƙara, kuma masu wasan kwaikwayo sun nuna irin zaman nan. Ta ce mu ma mu gwada ranar rufe aji.

Wata dattijuwar ajinmu da muke ce wa Iya ta ce, "Malama, sai an je Turai? Ai Kakangi ta ishe mu."

Daga can na taso da yarana. Kafin mu baro, sai mun shimfiɗa buhu a ƙarƙashin turmi mu yi daka a hankali, kada mutanen daji ko masu kai musu labari su ji akwai hatsi a gidan. Har muka zauna a Birnin Gwari hannuna bai saki ba. 'Yata ba ta taɓa jin lugudena ba, ni da ake nema gidan biki saboda shi. Na ɗauka ya tafi ke nan.

Wannan zaman muka shirya. Ni ce mai daka, Iya ta sa babbar rigar mijinta ta zama mai leƙen gidaje.

Ranar wasan mata suka cika tsakar makarantar. Ashe mun iya abin fiye da kima. Muna ta raɗa, taɓarya na sauka kamar a kan auduga, na baya ba sa jin komai.

Wata mai awara ta ɗaga murya: "Baiwar Allah, daka kike ko lallashin gero? Cire buhun nan mu ji."

Na dubi Malama, don an tsara a gama shiru ne. Iya kuwa ta manta ita ce abin tsoro. Ta tattare riga, ta zare buhun, ta ɗauki taɓarya ta biyu.

"To, bismillah, 'yar nan."

Bugun farko sai da na waiga ƙofa. Babu kowa sai mata. Na cilla taɓarya sama, na tafa, na cafe. Guɗa ta tashi, Malama tana dariya tana cewa mun ɓata mata ƙarshen wasa.

Washegari na tarar 'yata ta janye buhun turminmu na gida.

Ta ce, "Inna, tafin nan, kafin a cafe ne ko bayan?"

Na ce kawo taɓarya ki gani.