Ranar da Umma Ta Yi Gadin Jinjirin Teku

Ko zan manta komai na zamana a Birmingham, ranar nan dai ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Shekarar da na yi haihuwar fari ce. Umma ta zo daga Kano don jego, ta kuma karɓe jaririyar gaba ɗaya. Wanka ita, goyo ita. Da yarinyar ta motsa, kafin in yunƙura Umma ta sure ta. Ni nono kawai nake bayarwa, shi ma tana tsaye a kaina tana gyara mini zama. Abin yana cin raina, amma wa ya isa ya faɗa wa Umma?

Matan masallacinmu na unguwar Sparkhill sukan je gaɓar teku a Wales duk kaka, su taya mutanen wani ƙauye tsince robobi da yagaggiyar ragar kamun kifi a wani wuri da ake karewa saboda dabbobin teku. Na matsa sai da muka bi su, don Umma ba ta taɓa ganin teku ba.

Muna cikin tsinta, Umma na goye da jikarta a baya, sai muka ji kuka daga wajen duwatsu, sak na jariri. Wani abu ne fari fat kamar auduga, kwance shi kaɗai, manyan idanunsa suna ta zubar da ruwa. Ɗan wata dabba ce mai kama da ayu, wadda suke kira seal. An ja igiya daga nesa an kewaye wurin, amma ina ruwan Umma da igiya? Ta cire mayafinta za ta lulluɓe shi, har ta ɗaga ƙafa za ta tsallaka, sai wata tsohuwar Baturiya 'yar ƙauyen ta riƙo hannunta.

Na ce, "Umma, wai ba a allowing a je kusa."

"Ke, gaya mata ɗan nan sanyi yake ji! Wace irin uwa ce za ta ajiye jinjiri a kan dutse ta tafi yawo?"

Tsohuwar ta yi bayani, ni ina fassarawa. Uwar tana nan cikin ruwa tana kallonmu. Muddin tana ganin mutum kusa ba za ta fito ba, in kuwa ta gaji ta tafi, yunwa ce za ta kashe shi. Tun jiya masu ɗaukar hoto suka hana shi shan nono.

Umma ta dubi ruwan, ta ce, "Wato mu ne matsalar?"

Ta mayar da mayafinta, ta ja da baya tare da mutanen ƙauyen da ke gadin wurin, ta tsaya ƙyam. Wani mutum ya taho da kare, ta daka masa tsawa, "Kai! Kul! Ja karenka can!" Bai ji Hausa ba, amma wallahi sai da ya juya.

Muka daɗe a tsaye, sanyi na ratsa mu, kukan yana ta raguwa har na fara cire rai. Sai ga wani baƙin kai ya ɓullo daga ruwa, ya dube mu, ya nutse. Da uwar ta sake ɓullowa sai ta jawo jikinta kan tsakuwa, ƙatuwa, tana ja tana hutawa, har ta kai hancinta kan na jinjirin. Ta shinshina shi, ta kwanta ta gefe, ya kama nono. Umma ba ta iya cewa komai sai "Subhanallah", hawaye na bin fuskarta, hannunta cikin na Baturiyar nan.

A mota muna komowa yarinyar ta fara kuka a cinyar Umma. Ta fara jijjiga ta kamar kullum, sai ta tsaya, ta miƙo mini ita.

"Ungo 'yarki, ke take kira."

Ta juya tana kallon taga, ba ta gyara mini zama ba.

Tun ranar na gane cewa ba kullum ƙauna ke nufin ɗauka ba. Wani lokaci ja da baya ne, ka tsare wurin, ka bar uwa ta iso ga ɗanta.