Dakta Sa'idu Bai Jira a Yanka Ƙyalle Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Dakta Sa'idu ya rasu.

Da safen nan 'yata Rukayya ta kira ni daga jami'a tana kuka, sai da ta maimaita na gane. Wai ya faɗi a masallacin makaranta bayan sallar asuba, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Ranar Juma'a fa muka ci tuwo tare a Kankia.

Aji ɗaya muka yi tun firamare a Kusada har jami'a. Ni na yi koyarwa, na ga abin da na gani, na tattara na dawo gona a Bauranya. Shi ya tsaya. Duk abokan karatunmu shi kaɗai bai daina zuwa wurina ba. Farfesan gindin bedi yake ce mini, don a inuwar darbejiya nake yini. Wayar nan da nake rubutu da ita ma shi ya ba ni, ya ce in daina zagin manya inda awaki ne kawai ke ji.

A jami'arsu kowane ɗalibi na biyan kuɗin inganta na'urori duk shekara, yara na ce masa kuɗin kwamfuta. Ni gero na sayar na biya wa Rukayya. Na san wani Bafulatani a Kaikai da ya rabu da maraƙinsa saboda shi.

Abin mamaki, an sayo kwamfutocin. Aka jera su a ɗaki cikin ledarsu, aka kulle, sai wani babba ya zo ya yanka ƙyalle. Babban kuwa yau yana Abuja, gobe yana Umara.

Sa'idu ne shugaban sashen. Da ya ga 'yan ajin ƙarshe za su fita ba su taɓa abin da iyayensu suka saya ba, sai ya buɗe ɗakin, ya yage ledojin da hannunsa, ya ce kowa ya zauna. A nan Rukayya ta fara buga aikinta na kammalawa.

Aka tuhume shi, aka karɓe makulli. Aka sayo sabuwar leda aka mayar wa kowace kwamfuta, don babba ya tarar da su sababbi. Wallahi haka aka yi.

Ranar Juma'ar nan na ce masa, “Dakta, ka bar wahalar da kanka. Ƙasar nan ta wuce gyara.”

Ya yi dariya ya ce, “Farfesa, kai komai ya wuce gyara, har haƙoranka. Ni ba ƙasa nake gyarawa ba, ƙofa ɗaya nake so a buɗe. Akwai zama makon nan, in ba su ba ni makulli ba in zauna musu a ofis har su gaji da gemuna.”

Ya shiga mota yana ce mini in ajiye masa wake in an cire.

Rukayya ta tambaye ni, “Baba, to yanzu wa zai yi mana magana?” Jarrabawarsu ta ƙarshe ta kusa, aikinta rabi yana cikin ɗakin nan.

Ku manyan jami'a da za ku zo ta'aziyya da manyan riguna, na san ku. Za ku ce a sa wa ɗakin sunansa, ku bar shi a kulle. Kar ku sa. Ku buɗe wa yaran kafin su fita.

Ya Allah ka gafarta wa Sa'idu, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Wanda duk ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ya kuma roƙa wa yaran nan wani mai tsaya musu.